FAYIL ƊIN DA YA KWANA SHEKARA 48: DARASI DAGA TARIHIN JIRAGEN RUWA

Rubutun nan na da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Duk shekara idan damina ta kankama labarin ɗaya ne. Amai da gudawa ya ɓulla a gari kaza, an kwantar da mutum kaza, an rasa kaza. Sai a kafa kwamiti, kwamiti ya zaga, ya rubuta rahoto, a miƙa shi gaban 'yan jarida a ɗauki hoto. Baɗi war haka a maimaita. A irin wannan lokaci nakan ga ana cewa matsalarmu ƙarancin masana ce, ko rashin bincike. Ni dai a matsayina na ma'aikacin gwamnati da ya kusa shekara ashirin yana jujjuya fayil, abin da na fahimta shi ne gano magani aiki guda ne, kai shi bakin mai buƙata wani aiki ne daban, kuma a tsakanin biyun nan aka fi asarar rayuka. Ban san wani tarihi da ya fito da wannan a fili kamar tarihin ma'aikatan jiragen ruwa ba, shi ya sa yau zan ɗauke mu daga tudu mu shiga teku.

Jirgin da ke tsakiyar teku tamkar ƙaramin gari ne da aka rufe ƙofofinsa. Kowa ruwa ɗaya yake sha, abinci daga sito ɗaya yake fitowa, babu mai zuwa kasuwa, babu mai zuwa wajen boka a ɓoye, ga kuma littafi da ake rubuta wanda ya kwanta da wanda ya mutu kullum. Saboda haka idan cuta ta shiga, ana iya bin sawunta fiye da yadda za a iya a cikin gari.

CUTAR DA TA FI IGWA KISA

Daga wajen 1500 zuwa 1800, masu tarihi sun ƙiyasta cewa ma'aikatan jirgi kimanin miliyan 2 ne suka mutu da cuta guda ɗaya, wadda Turawan Ingila ke kira sikobi. Takan bayyana ne bayan wata biyu zuwa uku da barin tudu. Mutum ya fara jin kasala, gaɓoɓi su yi ciwo, dasashi ya kumbura yana zubar da jini har ya rufe haƙora, haƙoran su yi ta girgiza su zube, tabo baƙi-baƙi ya fito a ƙafafu, tsohon raunin da ya warke shekaru ya sake buɗewa. Daga ƙarshe mutum ya yunƙura zai tashi, sai ya faɗi matacce.

Yau ɗan sakandare ya san dalili: rashin bitamin C, wanda ake samu a ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, kuma jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa shi da kansa. To dubi abincin ƙaramin sojan ruwan Ingila a wancan zamani: busasshen biskit mai ƙwari, naman da aka cuɗe da gishiri aka dunƙule a ganga tun watanni, busasshen wake, cuku, da giya. Wurin kwanansa ragar da aka rataya, faɗin inci 14 kowane mutum. Da yawansu ma kamo su aka yi da ƙarfi a tashar jirgi. Hafsoshi kuwa suna da nasu guzurin, har da kaji da tumaki masu rai, shi ya sa cutar ta fi cin na ƙasa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne tun farko an ga maganin. A tafiyar Vasco da Gama daga Fotugal zuwa Indiya, 1497 zuwa 1499, ya fita da mutum kimanin 170, fiye da rabinsu ba su dawo ba, amma an rubuta cewa marasa lafiyarsa sun farfaɗo a Mombasa bayan an kawo musu lemo. A 1601 wani kyaftin ɗan Ingila, James Lancaster, ya jagoranci jirage huɗu zuwa gabas. A nasa jirgin ya riƙa ba kowa cokali uku na ruwan lemun tsami kowace safiya. Da suka isa kudancin Afirka, mutanensa ne suka riƙa taimaka wa sauran jirage ukun sauke kwale-kwale, don nasu mutanen duk sun kwanta. A 1617 babban likitan kamfanin da ya tura shi, John Woodall, ya saka shawarar ruwan lemo a littafinsa. Duk da haka aka ci gaba da zuba gawarwaki a teku.

A 1740 gwamnatin Ingila ta tura George Anson da jiragen yaƙi shida su far wa Sifaniyawa a tekun Fasifik. Ya fita da mutum kusan 1,900. Da ya dawo a 1744, jirgi ɗaya ya rage masa, kimanin mutum 1,400 sun mutu. Waɗanda abokan gaba suka kashe ba su taka kara sun karya ba. Cuta da yunwa ne suka cinye sauran, sikobi a kan gaba.

MUTUM 12 DA LEMO

Ranar 20 ga Mayu 1747, a cikin wani jirgin yaƙi mai suna Salisbury, likitan jirgin, James Lind, mutumin Sikotland, ya ware marasa lafiya 12 da ciwonsu ya yi kama da juna. Ya kwantar da su wuri ɗaya, abinci iri ɗaya, ya raba su biyu-biyu. Biyu ya ba su giyar tuffa. Biyu ya ɗiga musu wani asid irin na ruwan batir da aka surka. Biyu ruwan khal. Biyu ruwan teku. Biyu wani kwaɓin tafarnuwa da wasu itatuwa. Biyun ƙarshe kuma lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya kullum. Cikin kwana shida lemon ya ƙare, amma kafin nan ɗaya daga cikin biyun ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya warware har aka sa shi jinyar sauran. Masana lafiya na lissafa wannan cikin gwaje-gwajen magani na farko da aka yi da tsarin kwatanta rukuni da rukuni.

Gani ya kori ji, ko ba haka ba? To hukumar sojan ruwan Ingila ba ta ba da umarnin raba ruwan lemo ga kowa ba sai 1795. Shekara 48. Lind kansa ya mutu a 1794, saura shekara guda.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, domin duk wanda ya taɓa aikin ofis zai ga fuskokin da ya sani.

Da farko akwai laifin rahoton kansa. Lind ya buga littafinsa a 1753, shafi sama da 400, gwajin lemon bai wuce 'yan shafuka ba, an binne shi a tsakiya. Sauran duk bayani ne kan danshin iska da toshewar ƙofofin gumi, waɗanda shi yake zaton su ne asalin cutar. Babban jami'in da tebur ɗinsa ya cika da takardu ba zai tono allura a cikin wannan rumbu ba. Mu da ke rubuta takardar neman amincewa mun san idan abin da kake nema bai fito a shafin farko ba, ka yi wa kanka.

Sannan shawarar da ya bayar ta aiki tana da matsala. Da yake ɗanyen lemo ba ya jure doguwar tafiya, ya ce a dafa ruwansa har ya yi kauri a zuba a kwalba. Bai san zafi da daɗewar ajiya suna lalata sinadarin ba. Aka gwada, bai yi wani tasiri ba, sai aka ce ka ji, lemon ma ba ya yi.

Akwai kuma masu faɗa a ji da ke da nasu maganin. Manyan likitocin Landan sun fi karkata ga ruwan tsiron sha'ir, ga shi da araha, ga sauƙin ajiya. Sai ga Kyaftin James Cook, wanda ya yi tafiye-tafiyen bincike a tekun Fasifik daga 1768, ya zagaya duniya daga 1772 zuwa 1775 ba tare da sikobi ta kashe masa ko mutum ɗaya ba. Sirrinsa shi ne tsafta, da tsayawa duk inda ya samu tudu a nemo ɗanyen ganye, da tilasta cinsa. Akwai dabarar da ya yi da kabejin da aka jiƙa da gishiri ya yi tsami: da ƙananan ma'aikata suka ƙi ci, sai ya sa a riƙa kai shi teburin hafsoshi kullum, ya ce wanda ba ya so ya bari. Kafin mako ya zagayo sai da aka koma rabo da awo. Amma da yake ya haɗa abubuwa da yawa lokaci guda, bai iya tantance wanne ne ya yi aiki ba, kuma a rahotonsa ya yaba wa ruwan sha'ir. Maganar Cook, wanda aka ba lambar girma a 1776, ta fi ta wani likitan jirgi nauyi nesa ba kusa ba.

To wa ya motsa fayil ɗin? Mutane iri biyu. Na farko hafsoshin da ke teku, waɗanda jiki ya gaya musu. A 1794 wani babban hafsa, Alan Gardner, ya nace sai an ba jirgin Suffolk ruwan lemun tsami don tafiya Indiya. Jirgin ya yi mako 23 bai tsaya ko'ina ba, ya isa ba tare da cutar ta yi ɓarna ba. Labari ya bazu, sauran hafsoshi suka ce su ma a ba su. Na biyu likita Gilbert Blane. Tun yana tare da rundunar da ke tsibiran Karibiyan a 1780 ya sa likitocin jirage su riƙa aiko masa da lissafin marasa lafiya da mamata kowane wata. Da wannan lissafi ya nuna wa hukuma cewa a shekara guda an rasa mutum ɗaya cikin bakwai, kuma kusan duk cuta ce. Blane yana da alƙaluma, yana kuma da shiga wajen manya, don har ɗan sarki yana dubawa. A 1795 aka naɗa shi cikin hukumar kula da marasa lafiyar rundunar, a shekarar aka amince. Daga nan zuwa 1814 an raba galan sama da miliyan ɗaya da rabi na ruwan lemun tsami. Asibitin sojan ruwa na Haslar, wanda ya karɓi masu sikobi sama da 1,400 a 1780 kaɗai, ya koma sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba.

Wannan fa na sojan gwamnati ne. Ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa sun ci gaba da mutuwa, domin ko da aka yi dokar farko a 1844, masu jirage sai suka riƙa sayen gurɓataccen ruwan lemo don cika sharaɗi. Sai a 1867 aka yi doka mai haƙora, wadda ta ce sai jami'i ya duba kayan ya sa hatimi.

ARAHA BA TA ADO

Da labarin ya ƙare a nan da sauƙi. A tsakiyar ƙarni na 19 hukuma ta canza inda take sayen kaya. Da, babban lemun tsami mai ruwan ɗorawa ake sayowa daga yankin Bahar Rum. Sai aka ga ai ga ƙaramin lemun tsami kore, irin wanda muka sani, a gonakin Turawan Ingila da ke Karibiyan, kuɗin ma ya tsaya a gida. A takarda duk sunansu lemo, kuma an ɗauka tsamin ne maganin, ƙaramin kuwa ya fi tsami. Ba a san bitamin ɗinsa bai kai na babban ba, ga shi ana bi da ruwan ta bututun jan ƙarfe, ana barin sa a iska, ɗan abin da ya rage ya ƙara lalacewa. Babu wanda ya sake gwaji. Ba a kuma gane ba da wuri, saboda jirage masu injin tururi sun rage tsawon tafiya, mutane na isa tudu kafin cutar ta kama su.

Asirin ya tonu ne a jiragen bincike, domin su ne ke daɗewa. Bari in ɗan tsaya kan mafi shahararsu, Challenger. Jirgin yaƙi ne da aka cire wa igwoyi aka bar biyu, aka gina ɗakunan gwaji a cikinsa. Ya tashi daga Portsmouth a Disamba 1872, ya dawo a Mayu 1876 bayan tafiyar mil na teku kusan 69,000. A wurare 362 ya tsaya ana auna zurfi, da zafin ruwa, ana kwaso laka da halittu daga ƙasan teku. Sun gano halittu sama da 4,000 da ba a san su ba. A Maris 1875, kusa da tsibirin Guwam, igiyarsu ta sauka sama da mita 8,000 kafin ta taɓa ƙasa. Rahotonsu ya cika littafi 50, ba a gama buga shi ba sai 1895, kuma daga nan ake lissafa farkon ilimin teku na zamani.

Masanan da ke cikin jirgin su shida ne, ƙarƙashin Charles Wyville Thomson. Ma'aikata kuwa sun haura 200. Su ne ke tashi tun asuba su saki igiya mai tsawon mil da yawa, su yini ana jawo ta, jirgi na tangaɗi, a ƙarshe a juye musu laka mai sanyi a daɓe su wanke. Shekara uku da rabi ana wannan. Kimanin 60 daga cikinsu sun gudu a tashoshin da aka tsaya, wasu aka bar su a asibitoci, wasu suka mutu. Cikin masanan ma, wani matashi Bajamushe, Rudolf von Willemoes-Suhm, ya mutu a teku a 1875 yana da shekara 28. Sunayen masanan na kan littattafan nan 50. Rayuwar na ƙasa kuwa, mafi yawan abin da aka sani game da ita ya fito ne daga wasiƙun wani ƙaramin ma'aikacin sito, Joseph Matkin, da ya riƙa aika wa gida.

Kyaftin ɗin Challenger, George Nares, an janye shi kafin tafiyar ta ƙare aka ba shi jirage biyu ya nufi ƙuryar arewacin duniya a 1875. Sun tafi da sabon ruwan lemon. Cikin shekara guda sikobi ta kama kusan rabin mutanensa 120, an rasa huɗu, dole suka juyo. Aka kafa kwamitin bincike, kamar kullum. Abin takaicin shi ne daga baya likitoci da yawa sai suka yanke cewa ashe lemo ba magani ba ne tun asali, wai gubar naman gwangwani ce ke kawo cutar. Ilimin da aka saya da rayuka ya koma abin shakka, har tawagar Kyaftin Scott da ta je ƙuryar kudu a 1901 ta sha fama da cutar. Sai a 1907 wasu likitocin Norwe biyu, Holst da Frolich, da ke binciken ciwon ma'aikatan jirgi, suka haifar da cutar a jikin ɓeran Masar ta hanyar abinci, suka kuma warkar da ita da abinci. A 1918 wata mai bincike, Alice Henderson Smith, ta tono tsofaffin takardun hukuma ta gano canjin lemon da aka yi. A 1932 aka tabbatar da sinadarin kansa, shekara 185 bayan gwajin Lind.

SHINKAFA DA ALAWUS

Ba Turawa kaɗai ba ne. A Japan cutar da ta addabi sojan ruwa sunanta beriberi. Abokaina Fulani kada ku yi saurin murna, ba ruwanta da Barebari. Rashin bitamin B1 ke kawo ta, ƙafafu su mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta gaza. Wani likitan rundunar, Takaki Kanehiro, wanda ya yi karatu a Landan, ya lura cutar ba ta cika taɓa hafsoshi ba. Da ya bincika sai ya ga ƙananan ma'aikata ana ba su farar shinkafa kyauta, kuɗin cefane kuma a ba su a hannu. Talakan da ya baro iyaye a ƙauye me zai yi? Sai ya ci gayan shinkafa ya tura kuɗin gida.

A 1883 jirgin horo Ryujo ya dawo daga tafiyar wata tara zuwa Niyu Zilan da Kudancin Amurka da Hawai. Cikin mutum 376, 169 sun kamu, 25 sun mutu. Takaki ya nemi a tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya ɗaya a 1884, amma da nama da madara da kayan lambu. Mutum 14 kacal suka kamu, babu wanda ya mutu, kuma su ma an gano ba su ci sabon abincin yadda aka tsara ba. Bayaninsa na dalilin cutar bai yi daidai ba, shi yana zaton ƙarancin abinci mai gina jiki ne, amma rundunar ruwa ta karɓi abin da ido ya gani, ta shigo da sha'ir cikin abinci, cikin 'yan shekaru cutar ta kau. Likitocin sojan ƙasa kuwa, waɗanda suka yi karatu a tsarin Jamus, suka kafe cewa ƙwayar cuta ce, ba za su bi shawarar wata runduna ba. A yaƙinsu da Rasha, 1904 zuwa 1905, beriberi ta kashe sojan ƙasa kimanin 27,000. Gwamnati ɗaya, ma'aikatu biyu, kowa na kare iyakar ofishinsa.

INDA LABARIN YA SHIGO ƘASARMU

Kada wani ya ce ina ruwanmu da teku. A 1841 Ingila ta turo jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara. Cikin Turawa 145, zazzaɓin cizon sauro ya kashe sama da 40, tafiyar ta watse. A cikin tawagar akwai Samuel Ajayi Crowther, da J. F. Schon wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Likitocin sojan ruwa da ke aiki a gaɓar Afirka ta Yamma suka ci gaba da tara lissafi, har ɗayansu, Alexander Bryson, ya ba da shawarar a riƙa shan kwinin kullum tun kafin zazzaɓi ya zo. A 1854 wani likitan sojan ruwa, William Baikie, ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Kwara ya shiga Binuwai, yana ba mutanensa kwinin a kai a kai. Sun yi kusan wata huɗu a kogi, suka fito ba a rasa kowa ba. Baikie ya dawo ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya zo Kano a 1862.

Sauron da ya tsare ƙofar kogi ya rasa ƙarfinsa ke nan. Bayan Baikie 'yan kasuwa suka biyo, bayansu kamfani mai soja, har Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Ka ga a nan fayil bai kwana ba, domin akwai riba da mulki a gaba. Idan hukuma na da buƙata, shawarar likita gudu take yi.

YAU FA?

Kimanin kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi. Atamfar Kantin Kwari da babur, akasari jirgi ne ya sauke su a Apapa ko Kwatano ko Lome. Akwai yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013. Ta ce abinci da ruwan sha kyauta ne ga ma'aikaci, jirgin da ke ɗauke da mutum 100 ko fiye a tafiyar ƙasa da ƙasa ta sama da kwana uku dole ya kasance da likita, kuma kada mutum ya cika shekara a jirgi ba a mai da shi gida ba. Amma da korona ta zo a 2020 ƙasashe suka rufe tashoshi, ma'aikata kimanin 400,000 suka maƙale a teku bayan wa'adinsu ya ƙare, wasu sun haura wata 17. A jirgin shaƙatawa na Diamond Princess da aka tsare a Yokohama a Fabrairun shekarar, mutum sama da 700 cikin 3,711 sun kamu. An killace fasinjoji a ɗakunansu, ma'aikata kuwa suka ci gaba da dafa abinci da kai shi ƙofa-ƙofa, suna kwana ɗaki ɗaya da juna.

Mu dawo kan amai da gudawarmu. A shekarar da Baikie ke kan Binuwai, 1854, wani likita a Landan, John Snow, ya bi gida-gida yana lissafa mamata har ya nuna cewa famfon wata unguwa ne ke yaɗa cutar, aka cire hannun famfon. Ruwan gishiri da sukari kuwa ya nuna ƙarfinsa tun 1971 a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash. Ke nan namu fayil ɗin ya daɗe da wuce shekara 48.

Don haka idan aka sake kafa kwamiti, ga tambayoyin da nake ganin ya kamata mu riƙa yi, mu ma'aikata da ku masu biyan haraji. Ina rahoton bara, kuma shawararsa ta farko ta shiga kasafin kuɗin bana? Wa ke karɓar lissafin marasa lafiya daga ƙananan asibitoci kowane wata, kuma gaban wa yake kai shi? Sinadarin tsabtace ruwa da maganin da ɗan kwangila ya kawo, wa ya gwada ingancinsu kafin a sa hannu a shigar sito? Masu kwasar shara da masu jinya da leburorin da ke haƙa magudanar ruwa, an ba su safar hannu da takalmi, ko an ce an saka a alawus? Duk cikinsu babu wadda ke buƙatar sabon bincike. Akawu da ma'ajin sito da darakta da mai sa hannu na ƙarshe su ne za su amsa, kuma da yawanmu da ke nan muna zaune a ɗaya daga cikin kujerun.

'Yan uwana ma'aikatan lafiya da ke bibiyata, ku ne a bakin daga, ina so in ji a wane mataki takardunku suka fi maƙalewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke kan teburinmu.